Sanyin Jos Ba Ya Hana Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Zafi

JOS: Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan 'yan kasuwa da dama a birnin Jos, cewa tun da Allah ya albarkaci garin da sanyi, to kwamfutocin da ke shagunansu ba su da abin tsoro daga zafi irin na Sakkwato ko Maiduguri. Wannan fahimta na jawo hasarar kuɗi ga masu shagunan buga takardu a titin Ahmadu Bello da kewayen Taminus, da kuma masu cibiyoyin jarrabawa, waɗanda suka yawaita tun da hukumar JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015.

Abin da akan manta shi ne, Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga matakin teku, inda iska ta fi ta Legas rashin nauyi da kusan kashi 11 cikin 100. Fankar kwamfuta kuwa da iska take kwashe zafi, don haka abin da take kwashewa a kowane juyi ya ragu. Sanyin Disamba yakan rufe wannan giɓi, amma a Maris da Afrilu, sa'ad da zafin rana kan kai digiri 30, kuma ƙurar hunturu ta watanni ta riga ta toshe ƙarfen da ke zuƙe zafi daga ƙwaƙwalwar, sai matsalar ta bayyana. Na'ura ta soma nawa, fanka ta yi ta ruri, can sai ta mutu ana tsakiyar aiki. Wannan mutuwa ba lalacewa ba ce. Tun zamanin Pentium 4 a 2000, ƙwaƙwalwar kan rage gudunta da kanta idan ta yi zafi, ta kuma kashe kanta idan abin ya zarce digiri 100 da yawa, don kada ta ƙone.

A nan ne kuɗi ke zurarewa. Sau da yawa mai gyara yakan ce cutar bairos ce, ya goge komai ya sake zuba Windows, ya karɓi ladansa, bayan mako guda kuma na'ura ta koma halinta. Wani ma shawarar sayen sabuwa zai bayar, alhali tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashin kayan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi.

Ya kamata mai shago ya nemi a nuna masa ma'aunin zafi kafin a taɓa komai. Ana ganinsa a shafin BIOS, ko da manhaja irin HWMonitor. Idan na'ura ba ta aikin komai amma ma'auni ya haura digiri 70, to zafi ne, ba bairos ba. Sai a zare wuta, a buɗe murfi, a hure ƙura da abin hura iska, ana riƙe da farfelar fanka don kada ta juya fiye da kima, sa'an nan a duba ko tana juyawa bayan an kunna.

Idan zafin bai sauka ba, a duba man nan mai kauri da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen. Yawancin kwamfutocin da ake amfani da su a kasuwa na hannu ne, 'yan tokumbo, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, kuma man nasu ya bushe tun can. A goge tsohon, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, a ɗaure ƙarfen daidai a kusurwoyinsa huɗu. Kuɗin wannan mai bai kai ribar da shago ke yi hasara a yini guda na rufewa ba.

Sauran abin kuwa na mai shago ne, ba na mai gyara ba: ya ɗauke akwatin kwamfutar daga ƙasa, ya raba shi da bango, ya kuma sanya sharar ƙura cikin kasafin kuɗinsa a ƙarshen kowane hunturu, kafin zafin Maris ya shigo.