A dawo da wasa cikin darasin motsa jiki a makarantun Rano da Kibiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan darasin motsa jiki a makarantunmu na Rano da Kibiya.

Ana yawan cewa yaran yanzu ba sa son wannan darasi. Ni ban yarda ba. Duk wanda ya fita bayan la'asar a Rano ko Rurum zai ga samari sun kafa raga da duwatsu biyu, suna bin ƙwallo babu takalmi har a kira magariba. Yaron da ke wannan gudu ba a ce masa malalaci.

Abin da ya kashe musu sha'awa biyu ne. Na farko, a makarantu da yawa darasin ya koma na allo. Malami ya zana filin ƙwallo, ya rubuta tsawonsa da faɗinsa, ɗalibai su kwafe, a kaɗa ƙararrawa. Na biyu, mun mayar da motsa jiki bulala. Wanda ya makara tsallen kwaɗo, wanda ya yi surutu kamun kunne, wani a sa shi zagaya fili da rana tsaka. Yaron da ya saba ganin gudu a matsayin horo, ta ina zai ji daɗinsa?

'Yan mata sun fi cutuwa. Da zarar yarinya ta shiga ƙaramar sakandare, sai a bar ta a gindin bishiya tana kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana, kuma ba ta ware mace ba. Addininmu ma bai hana ba, domin ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. A ba su malama mace da wuri killatacce, su yi wasa cikin suturarsu.

Kada a fake da rashin kayan aiki. Langa ba ta buƙatar ko sisi: fili, da ƙafa ɗaya riƙe a hannu, sai ƙarfin zuciya. Ita da kokawa da dambe har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin su. Gaɗa da tsallen igiya su ma motsa jiki ne na gaske.

Tunda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, ina kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da sakatarorin ilimi su sa darasin da safe kafin rana ta yi zafi, a hana horo da shi, a kuma kare filayen makarantu daga masu yanka su. Masarautar Rano kuwa ina roƙon ta sa kofi a riƙa fafatawa duk shekara tsakanin makarantun Rano, Kibiya da Bunkure, da rukunin maza da na mata. Iyaye kuma mu daina cewa wasa ɓata lokaci ne. Sai da lafiya ake karatu.



Naka,
Wani uba daga Kibiya, Jihar Kano