TARE RUWA DA DARE: WAYO NE KO SATA?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu daraja, ina neman izininku in yi magana a kan wani abu da kowa ya sani a ƙasar nan tamu ta Kura da Bunkure da Garun Malam, amma ba a cika son ambatonsa da rana ba. Abin nan kuwa shi ne tare ruwa da dare. Watau mutum ya bari sai sawu ya ɗauke, ya saɓi fartanya ya riƙi tocila, ya je bakin kanal ya datse ruwa da laka ko da buhun ƙasa, ya juya shi gonarsa, alhali kuwa ranar ta wani ce. Wasu suna kiran wannan wayo, wasu kuma suna cewa dabarar noma ce. Ni dai Kirista ne, na kuwa duba abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana, ban sami sunan da ya dace da wannan aiki ba sai sata.

Kafin in kawo dalilaina, ya kamata mu tuna yadda ruwan nan ya zo mana. Kakanninmu noman damina suka sani. In rani ya yi, sai mai fadama ya kafa jigo ya yi ɗan lambu, samari kuwa su tafi cin rani. A shekarar 1974 aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Bako. A 1976 kuma aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Kashi na farko na aikin an tsara shi domin ya ba hekta 22,000 ruwa. Tun daga nan alkama da tumatir da albasa da masara da shinkafa suka zauna da gindinsu a Kadawa da kewaye, har ana lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan zuwa Legas. Da yawa daga cikinmu da kuɗin noman rani aka saya mana littattafai da kayan makaranta.

To, ruwan nan ba inji ke turo shi ba, gangarowa yake yi da kansa. Ya baro Tiga ta babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa rassa, rassan su rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi, har ya iso bakin gona inda manomi zai sa tiyo ya ja shi cikin fangali. Saboda haka dole ne ya wuce gonar wani kafin ya kai ta wani. Akwai na farkon kanal, akwai na tsakiya, akwai na ƙarshe, shi ya sa aka raba kwanaki, kowa da ranarsa. Na ƙarshe ba shi da abin dogara sai amanar waɗanda ke samansa. In suka riƙe amana ya sha, in suka ci amana ya kwana da ƙishi, shi da shukarsa.

Kowa ya taɓa aikin lambu ya san shuka ba ta jiran shari'a. Tumatir in ya sha ƙishi lokacin fure, furen zubewa yake yi. Alkama in ta rasa ruwa lokacin da take fid da kai, sai a girbe ƙwaya shafal, ba nauyi. Na ga wani dattijo a ƙarshen wani layi tsaye a kan gonarsa da sassafe, ranar tasa ce, amma hanyar ruwan ƙaf take, sai danshin laka. Ya ci bashin taki, ya biya 'yan ƙwadago, yana kuma da 'ya'ya a makaranta. Wanda ya tare ruwan bai fasa masa rumbu ba, bai kwance masa akuya ba, amma abin da ya raba shi da shi ya fi akuya tsada.

Mu Kirista ba mu da hujjar cewa ba mu sani ba, domin tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Wusasa ya yi wa jagora, ana kuwa karanta mana shi kowace Lahadi. Cikin Dokoki Goma da ke Fitowa sura 20 an hana sata, an kuma hana ƙyashin abin maƙwabci. A sura 22 ta wannan littafi an shar'anta cewa wanda ya saki dabbarsa ta yi ɓarna a gonar wani, sai ya biya daga mafi kyaun amfanin gonarsa. In ɓarnar da dabba ta yi an ɗora wa mai ita, ina ga ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa, da saninsa?

Amma wurin da ya fi kama da zamanmu shi ne Ezekiyel sura 34. A nan Ubangiji ya tuhumi ƙarfafan tumaki, waɗanda suka ci ciyawa mai kyau sa'an nan suka tattake sauran, suka sha ruwa garau sa'an nan suka dama ragowar da ƙafafunsu, raunana suka zo ba su sami komai ba sai gurɓatacce. Ya kuma ce shi da kansa zai yi shari'a tsakaninsu. In ka karanta sai ka ce Annabi Ezekiyel ya taɓa tsayawa a bakin kanal ɗinmu. Maganar ta haɗa da mai tare ruwa, ta haɗa da mai barin ruwa ya yi ta malala a gonarsa har ya zama tafki don ganin yana kusa da ƙofa, ta kuma haɗa da mai wanke tankin feshi a cikin kanal, alhali ya san a ƙasansa mata suna wanki, yara suna wanka, shanu suna sha.

Na san amsoshin da ake bayarwa, bari in ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na ɗaya, ana cewa ai ruwan Gwamnati ne, ba na kowa ba ne. Gaskiya ne Gwamnati ta gina madatsa, amma Allah ne ya sauko da ruwan, shi da yake zubo shi a kan masu adalci da marasa adalci duka, kamar yadda Yesu Almasihu ya koyar a Matiyu sura 5. Kuma da zarar an ce ranar Talata ta wane ce, to ruwan Talata ya zama nasa, daidai da yadda hatsin da aka auna masa a kasuwa ya zama nasa. In an tare, ba cikin Gwamnati ne zai yi kuka ba, cikin 'ya'yan wane ne.

Na biyu, ana cewa kowa ma yana yi. Ko da haka ne, yawan masu laifi ba ya mai da laifi halal, a Fitowa sura 23 kuwa an gargaɗe mu kada mu bi taron jama'a zuwa ga mugunta. Sa'an nan in kowa ya ce zai yi, wa zai tsira? Wanda ka tare wa yau, gobe zai fasa bakin kanal, ruwa ya zube a banza, ciyawar kacala ta samu wurin zama, hanya ta toshe, kowa ya yi asara. Ai kowa yana da wani a samansa. Ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere.

Na uku shi ne mafi nauyi, ba na kuwa raina shi. Mutum ya ce shukata tana mutuwa, ga bashi a wuyana, in ban tare ba na halaka. Wannan tsoro na gaske ne. Amma mu lura, bashin da kake gudu shi ne ka ɗora wa ɗan'uwanka, ba tare da ya sani ba. Ashe ba ya fi kyau ka je wurinsa da rana ka ce, "Malam, tumatirina ya galabaita, ka ara mini rabin yini, in rama maka ranar tawa"? Sau da yawa abin da aka sata da dare, da an roƙa da rana da an samu. A Luka sura 10, da wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa, sai ya ba shi misalin Basamariye wanda ya taimaki mutumin da ba ƙabilarsu ɗaya ba. A nan wurinmu ba sai an yi dogon bincike ba. Maƙwabcinka shi ne wanda ruwa ke wuce gonarka ya je tasa, Musulmi ne ko Kirista, ɗan gari ne ko baƙo mai haya. Na kuwa ji daga abokaina Musulmi cewa addininsu ma ya hana cin amana da hana mabukaci ragowar ruwa, don haka a kan wannan magana bakinmu ɗaya.

Shi kuma wanda aka zalunta, me zai yi? Littafin Farawa sura 26 ya ba mu labarin Ishaku, wanda makiyayan Gerar suka yi ta jayayya da shi a kan rijiyoyin da bayinsa suka haƙa. Bai zare takobi ba, ya yi ta matsawa yana haƙa wata, har ya sami wadda ba a yi rikici a kanta ba, daga baya ma Sarki Abimelek ya zo da kansa neman sulhu. Manomin yau ba zai iya ɗauke gonarsa ya matsa ba, amma zai iya koyi da Ishaku wajen ajiye makami. Matiyu sura 18 ta shimfiɗa hanya: ka fara samun mutumin ku biyu, in ya ƙi ka tafi da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙi ka kai gaban jama'a. Muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, muna da mai unguwa da dagaci, muna da dattawan ikkilisiya da limamai. Haƙuri bai hana neman hakki ba, abin da ya hana shi ne rama cuta da cuta.

Yanzu sai in juyo gare mu ɗalibai, domin maganar ta shafe mu fiye da yadda ake zato. Wa ake tasa da tsakar dare a ba shi tocila? Galibi yaro ne, musamman lokacin hutu. A nan ɗa mai biyayya yake shiga tsaka mai wuya, domin an umarce mu mu girmama uwa da uba, an kuma hana mu sata. Ra'ayina shi ne, yaro ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Baba, ka yi mini gafara, yau ranar su wane ce. Ka bar ni in yi sammako ranar tamu, in yashe hanya, in tsaya a kan ruwan har ya gama." Wannan ba rashin kunya ba ne. Manzanni da kansu, a Ayyukan Manzanni sura 5, sun nuna cewa in umarnin mutum ya ci karo da na Allah, na Allah ake bi. Kuma Afisawa sura 6, wadda ta ce 'ya'ya su yi biyayya, ita ce ta ɗora wa iyaye maza nauyin goyon 'ya'yansu cikin horon Ubangiji.

Iyayenmu, ku gafarce ni in na yi tsaurin ido. Kuna sayar da amfanin gona ku biya mana kuɗin makaranta domin mu zama mutanen kirki. Amma yaron da aka koya wa cewa abin da duhu ya rufe ba laifi ba ne, shi ne gobe zai saci amsa a jarrabawa, jibi in ya zama akawu ko ma'aji ya tare kuɗin jama'a kamar yadda ya ga an tare ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bugu da ƙari, mu tuna cewa mu duka 'yan farkon kanal ne in aka duba kogin gaba ɗaya. Ruwan da ya wuce mu shi ne yake haɗuwa da na Challawa ya zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suke jiransa. Tun da aka gina Tiga, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan ta ragu. Duk ruwan da muka ɓarnatar a nan, wani ne can da ba mu taɓa gani ba muka rage wa.

Daga ƙarshe, ga roƙona ga 'yan'uwana Kirista. In kaka ta yi mukan kai baikon godiya majami'a, wani buhun shinkafa, wani kwandon albasa. Yesu ya koyar a Matiyu sura 5 cewa wanda ya kawo baiko, ya kuwa tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya fara zuwa su shirya tukuna. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, alkawari ya yi zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Saboda haka wanda ya san buhunsa ya cika da ruwan wani, ya fara biyawa ta ƙofar gidan mutumin nan kafin ya nufi majami'a.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, ya kuma ba mu zuciyar riƙon amana. Amin.