Filin Kimiyya: Dashen ɓargo da haɗarin daskarewar jini

Duk wanda ya san noman rani a dam ɗin Tomas na Dambatta ko Watari na Bagwai ya san cewa makonnin farko ne ke nuna ko dashe zai kama. Haka dashen ɓargo yake, aikin da kan iya raba mutum da cutar sikila.

Ɓargon cikin ƙashi ne ke samar da jini. Likitoci kan kashe ɓargon majinyaci da magunguna masu ƙarfi, sannan su zuba masa ƙwayoyin ɓargon wani mai lafiya ta jijiya, yawanci na wansa ko ƙanwarsa. A Najeriya an fara yi wa mai sikila wannan aiki a 2011, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin.

To, ina haɗarin? Magungunan nan kan ji wa cikin ƙananan jijiyoyi rauni. Inda aka samu rauni sai jini ya daskare ya toshe hanya, kamar yadda laka ke toshe magudana ta hana ruwa isa fangali. Idan a hanta ne, yawanci cikin kwana 21 na farko, sai ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, gefen dama ya riƙa ciwo, nauyin jiki ya ƙaru. Shi ya sa ake auna nauyin majinyacin kullum. Idan a ƙoda ne, sai jini ya hau. Abin mamaki, wannan majinyacin dai kan yi zubar jini kuma, domin ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙaranci. Akwai maganin toshewar hantar, defibrotide, amma yana da tsada ƙwarai.

Kun ga ke nan dashe ba aikin wasa ba ne. A Najeriya ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu kan dokar gwaji kafin aure, har da na rukunin jini.

Kada ku jira sai an kai kuɗin gaisuwa. Ku roƙi iyayenku su kai ku asibiti a wannan hutun, kowa ya san ko shi AA ne, AS ko SS.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.