Wa ya ce babu kowa a dajin Damargu?

Duk wanda ya yi wayo a Tanut cikin shekarun 1980 ya san su. Sukan gangaro daga Tamanraset ta Arlit da Agadas, wasu cikin tsofaffin motocin Peugeot da za su sayar a gaba, wasu a kan babura, wasu kuma a ɗare bisa kayan kamyo, da jakar goyo a baya, rana ta mai da fuskokinsu jawur. Su tsaya su sha shayi, su cika gorunansu da ruwa, su ɗauki hoton raƙumi da na yaro mai talla, kafin la'asar sun nausa Damagaram, daga can sai Kano, wasu har ƙarshen nahiyar. In sun koma gida sai su rubuta labarin tafiya. Na karanta kaɗan daga irin waɗannan labarai, kuma abin da na tarar a cikinsu kusan ɗaya ne. Da zarar marubuci ya baro Agadas ya doshi kudu, sai ya ce ya shiga ƙasar da babu kowa, babu komai, fili fetal, inda ɗan Adam ke saduwa da halitta kamar ranar da aka yi ta.

Da a ce maganar ta tsaya cikin littattafansu, da ban ɓata tawadata ba, domin Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mu ma mun karɓi wannan magana mun haɗiye. A wajen taro na sha jin mai ilimi, ɗan ƙasa, ya miƙe ya ce arewacin Tanut da Belbeji daji ne kawai, kuma ranar da masu yawon buɗe ido suka dawo, ranar ce barewa da jimina za su yi daraja, sannan a yi tunanin kare su. Wato dajinmu ba shi da mai shi sai baƙo ya zo, ba shi da kima sai an ɗauke shi hoto. Wannan ra'ayi nake ja da shi, domin ƙarya ne ta fuskar tarihi, kuma ɓarnar da yake jawowa muna ganin ta da idonmu.

Mu fara da tarihi. A watan Janairu na 1851 Turawa uku suka iso Damargu daga Tarabulus: James Richardson, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim. A Tagelel suka rabu, Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, Barth ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. To, yaya aka yi suka iso? Ayarin gishiri na Abzinawan Kel Owe suka biyo, ƙarƙashin kariyar shugabansu Annur. Madugu ne ya san rijiyar da za a kwana, shi ya san zangon da za a kauce wa. Barth, da yake mutum ne mai kunne, ya koyi Hausa, ya tambayi sunan kowane gari, ya kuma rubuta abin da ya gani: gonakin gero da garuruwa, ƙasar da ke ciyar da Abzin. A dajin da ke tsakanin Abzin da Damargu ya ambaci raƙumin dawa da mariri da jimina, ya kuma ambaci mutanen da ke kiwo da farauta a cikinsu. Wanda ya zo bisa raƙumi, yana tafiyar ƴan kilomita a yini, ya ga jama'a. Wanda ya zo bayansa da shekara 130, cikin mota, ya cinye kimanin kilomita 450 da ke tsakanin Agadas da Damagaram a yini ɗaya ko biyu, shi ne ya ce bai ga kowa ba. Ashe gudu ne ya makantar da shi.

Bilhasali ma Damargu ba ta taɓa zama bayan duniya ba. Geronta ne ake ɗauka zuwa Bilma da Fashi a musanya da kantun gishiri da dabino. A ƙarshen ƙarni na 19 fataken Gadamas sun zauna a Jajiduna suna sayen gashin jimina, a yi masa ɗauri a bi da shi Tarabulus, ya ƙare a kan hulunan matan Landan da Faris. Ingancin jiminar wannan yanki ya kai har a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo mutanenta takanas zuwa Kano domin su samo irinta. Amma duk da haka, da Angus Buchanan ya ratsa nan a 1920 yana harbin tsuntsaye da namun daji domin gidan tarihin Lord Rothschild da ke Ingila, sunan da ya ba littafinsa na 1921 yana nufin ƙasar da ke wajen duniya, arewa da Nijeriya. Daga cikin abin da ya kai can har an raɗa wa wani nau'in farin gindi sunan Damargu da Latinanci. Sunan yana nan cikin littattafan masana. Ita dabbar kuwa, a je a tambayi dattawan Gangara ko na Tarka rabonsu da ganinta.

Wani zai ce: to mene ne a ciki? Kalma ce kawai, baƙo ya faɗa ya wuce. Amsa ita ce abin da aka ce ba shi da mai shi, kowa ma sai ya kai hannu. Idan daji kango ne, ina laifin wanda ya zo da motoci kat-kat da shahuna ya kwashe tuje da barewa cikin mako biyu? Idan kango ne, ina laifin attajirin da ya kewaye makiyaya da waya, ko ya haƙa rijiyarsa shi kaɗai ya hana kowa sha? Ina laifin wanda ya share burtali ya shuka gero, ko ya tattara ciyawar daji kaf ya loda a amalanke ya kai kasuwa, ya bar dabba da yashi? Tun ranar 26 ga Mayu 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, ta keɓe abin da ke bayanta domin kiwo, kuma dokar makiyaya ta 2010 ta sake tabbatar da haka. Kowa ya san yadda gonaki suka tsallake wannan iyaka. Ban ɗora wa talaka laifin yunwarsa ba, domin wanda ya ga 1973 da 1984 da 2005 ya san abin da ke korar manomi arewa. Abin da nake cewa shi ne wanda ya ɗauki makiyaya a matsayin filin banza ba zai taɓa jin cewa an yi ɓarna ba in ta salwanta. Mu dubi maƙwabtanmu na gabas. A 2012 aka kafa gandun dajin Termit da Tin Tumma, kusan murabba'in kilomita 97,000, mafakar ƙarshe ta dabbar nan mai murɗaɗɗun ƙahoni da Turawa ke kira adaks. A 2016 masu ƙidaya suka bi ta sama da ta ƙasa, uku kacal suka gani. A 2019 aka sake shata iyakar gandun domin a ba masu haƙar mai wuri. Da a ce mun saba kallon wurin a matsayin gidan wasu, mutane da dabbobi, da an fi jin ƙarar wannan al'amari.

Kazalika wannan kalma tana ɓoye ainihin abin da ya ƙarar da namun dajin. Mai jakar goyo, in ya zo bai ga jimina ba, sai ya kalli garken Bafillace da tantin Ba'abzine ya ce ai ga masu laifi. Alhali kuwa mariri da saniya sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanya ɗaya, da damina a haura arewa wajen ɗanyar ciyawa, da rani a gangaro kudu. Mafarauci da karensa da tarkonsa ya ci nama, amma bai ƙarar da iri ba, don ƙafa da doki suna da iyaka. Abin da ya canja shi ne zuwan mota da bindiga mai aman harsashi, wadda ke bin garke har ya faɗi don gajiya, sannan manyan rijiyoyin zamani da suka sa dabbobin gida zama duk shekara a inda da namun daji ke samun sarari, sannan fari ya zo ya ƙarasa sauran. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya. Sai a 2016 aka fara mai da shi ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a waje. Masu riƙe da sitiyarin waɗancan motoci ba makiyaya ba ne, kuma da yawansu da yarenmu suke magana. Wannan ma dole mu faɗa wa kanmu.

Game da masu cewa sai baƙi sun dawo, ga abin da zan ce musu. Ban ƙi baƙo ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma saurayin da ya bar gidan ubansa ya ratsa nahiya domin ya ga yadda wasu ke rayuwa ya fi wanda ya zauna yana zagin abin da bai sani ba. Kuɗin baƙi sun ciyar da gidaje a Agadas da Kure, ba mai musun haka. Amma a duba yadda wannan kasuwa take. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsai da ita, ta farfaɗo, na 2007 ya sake tsai da ita, satar mutane a Arlit a 2010 ta ƙara rufe hanya, harin Kure na Agusta 2020, wanda ya ci rayukan Faransawa shida da ƴan ƙasa biyu, ya kori ragowar. Wanda ya rataya ran barewa a wuyan irin wannan kasuwa ya rataye shi a bisa zaren gizo. Kuma Kure ɗin ma hujja ce a gare ni. Raƙuman dawanta sun ragu har zuwa 49 a 1996, daga baya suka haura 600, kuma ba a cikin kango suka yaɗu ba, a tsakiyar gonakin mutane ne, suna cin waken manomi, manomi yana haƙuri. Da aka tashi raba su a 2018, guda takwas aka kai Gadabeji, gandun da ke yamma da mu wanda aka kafa tun 1955, inda Fulani da Abzinawa ke kiwo a kewayensa. A Kelle kuwa, cikin jiharmu ta Damagaram, ana kiwon jiminar ƙasar nan domin a mai da ita daji. Duk inda dabbar nan ta tsira, da yardar mazauna wurin ta tsira. Haka gawon da ya cika gonakin kudancin Damagaram da Maraɗi tun daga tsakiyar shekarun 1980, manomi ne ya bar shi ya tofo domin ya ga amfaninsa, ba don wani zai zo kallo ba.

Yanzu na juyo gare mu, malamai da ƙungiyoyin al'adu, domin nan ne gizo ke saƙar. Na taɓa tambayar ɗalibaina su lissafa mini namun daji goma. Suka kawo zaki da giwa da damisa da jakin dawa, duk daga hotunan littafi da talabijin. Babu wanda ya ambaci yanyawa ko tuje, alhali suna kwana a bayan garinsu. Na tambaye su bambancin ƙandili da farar ƙaya, sai ɗiyar wani makiyayi, wadda ba ta cika magana a aji ba, ita kaɗai ta amsa, ta kuma ƙara mana da yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki a zubar da ruwanta kafin ɗacinta ya fita a ci. Ranar na gane cewa makarantarmu tana yaye yaran da ke kallon ƙasarsu ta gilashin mota, tamkar baƙon da ya wuce. Yaron da aka koya wa cewa ilimi yana birni, daji kuwa duhun kai ne, in ya girma ya zama ma'aikaci, shi ne zai sa hannu a takardar da za ta ba da makiyaya, kuma zai yi barcinsa lafiya.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba, ba ya kuma jiran kuɗin wata ƙungiya ta waje. Kowace makaranta a gundumomin Tanut da Belbeji tana iya ware yini guda bayan damina, lokacin da tafkuna ke da ruwa, a fita da yara a ƙafa, gwargwadon inda hankali ya kwanta da tsaro. A gayyaci tsohon mafarauci ya nuna sawu, a gayyaci makiyayi ya faɗi sunan kowace ciyawa da abin da take yi wa dabba, a gayyaci tsohon madugu, in da sauransa, ya lissafa rijiyoyi da zanguna daga nan har Abzin. Yara su rubuta sunayen da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, domin duk harsunan nan huɗu sun san wannan daji, kowanne da abin da ya riƙe. Ƙungiyoyin al'adu su ɗauki muryoyin dattawan da suka ga jimina tana gudu a kwarin Tarka, tun kafin su ma su bi ta, a watsa a gidajen rediyon karkara. Littafin rubutu ɗaya cike da irin waɗannan sunaye shaida ce da za a iya ajiyewa gaban kwamitin filaye ranar da wani ya zo ya ce wurin nan babu kowa.

Idan Allah ya dawo da kwanciyar hankali, masu jakar goyo za su dawo, kuma za mu yi musu maraba kamar yadda iyayenmu suka yi wa Abdulkarim. Fatana shi ne su tarar da yaron Damargu da zai tsai da su a bakin rijiya ya ce musu su sauko daga mota, ya gaya musu wanda ya haƙa ta, da garken da ke shan ta da hantsi, da barewar da ke kiwo a gefenta da asuba, in mun bar ta da rai. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ba mu.