Waiwaye: Lambar 8192 da Muka Gada

Waɗanda suka yi wayo a farkon shekarun 2000 ba su manta da yadda intanet ta iso mana ba. Zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ne, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure, yaranmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suka tafi koyon kwamfuta. Kafin wayar salula ta iya ɗaukar intanet, faifan tauraron ɗan Adam ne hanyarmu. Mu biya kuɗin awa ɗaya a shagon intanet, mu zuba wa allo ido, hoto yana saukowa layi-layi, janareta na ruri a baya.

Mun ɗauka layin ne ba shi da ƙarfi. Sau da yawa nisa ne. Tauraron yana can sama, kilomita 35,786. Saƙo ya hau, ya sauko, amsar "na karɓa" ita ma ta hau, ta sauko: fiye da rabin daƙiƙa ke nan. Kwamfuta kuwa ba ta aika fiye da abin da ma'ajiyarta ta wucin gadi za ta riƙe kafin amsar ta dawo. Ku dubi mai ga-ruwa. In rijiya na ƙofar gida, jarka ɗaya ta ishe shi kai da kawowa. In tana bayan gari, ko ya cika kura da jarkoki, ko ya wuni a hanya randa ba ta cika ba.

Yau yaro zai sauke bidiyo a wayarsa yana tsaye a kasuwar Alhamis ta Maigatari, in ya ɗan jinkirta ya yi tsaki. Allah sarki.

A wancan lokaci, duk ofishin da ke son kwamfutocinsa su riƙa ɗibar fayiloli daga wuri guda, yakan ware ɗaya ta zama uwar garke. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya sa mata Linux da manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell na Ostireliya ya fitar a 1992, don kyauta ce. A nan ne wani layi na saitunan Samba ya shahara a duniya, ana kwafarsa daga hannu zuwa hannu: a sa SO_RCVBUF da SO_SNDBUF, wato girman ma'ajiyar karɓa da ta aikawa, a kan 8192. A cikin ɗaki guda, da wayoyin wancan zamani, lambar ta yi aiki. Amma a ɗora ta a kan tauraro, bayit 8192 a kowane zagaye bai kai bayit dubu 14 a daƙiƙa ba. Fayil mai megabayit 10 sai ya ci kusan minti 12. Da bayit 65,535 aka sa, da minti ɗaya da rabi ya isa.

Malaman kirki na lokacin sun san lissafin: ƙarfin layi sau tsawon lokacin da saƙo ke yi ya je ya dawo, shi ne girman da ya dace. Sukan auna kafin su taɓa komai. Lissafin nan shi muka bari ya ɓace, muka riƙe lambar kawai, alhali kowane allazi da nasa amanu.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Tun tsakiyar shekarun 2000 Linux ta koyi faɗaɗa ma'ajiyar da kanta gwargwadon hanya, Windows ma ta bi sahu da Vista a 2007. Da zarar ka rubuta lamba da hannunka, ka kashe wannan dabarar. Masu Samba da kansu yanzu suna gargaɗin kada a taɓa waɗannan saituna sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A ganina, mai kwafar tsohon layin yau yana ɗaure ƙafar na'urar da ya saya da tsada ne, ya koma yana zargin kamfanin sadarwa.

'Ya'yana masu kula da uwar garke a ofisoshi da makarantunmu, ku buɗe smb.conf, fayil ɗin saitunan Samba, ku duba. In kun tarar da 8192, ku auna gudun fayil guda, ku cire layin, ku sake aunawa.