Dokar Rufa-rufa A Sojan Amurka

Ran 20 ga Satumba, 2011, Gwamnatin Amurka ta kawo ƙarshen wata doka da ta yi shekara 17 tana aiki a rundunonin sojanta, watau dokar da aka laƙaba wa suna "kada a tambaya, kada a faɗa". Daga ranar nan ne 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo suka sami iznin yin aikin soja ba tare da sun ɓoye halinsu ba. Tarihin wannan doka abin nazari ne ga duk wanda aikinsa ya shafi tsara dokoki ko zartar da su.

Kafin 1993 an hana irin waɗannan mutane aikin soja ɗungum. Bil Kilinton ya yi alkawarin ɗage hanin sa'ad da yake neman shugabanci a 1992, amma da ya hau mulki sai manyan hafsoshi, har da Janar Colin Powell, da wasu 'yan Majalisar Dattijai suka ƙi. Maimakon a yanke magana ɗaya, sai aka yi sulhu: hukuma ta daina tambayar mai neman shiga soja halinsa, shi kuma ya kama bakinsa. In ya faɗa, ko asirinsa ya tonu, a sallame shi. Ba cinya ba ƙafar baya.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A ƙarƙashin dokar an sallami soja fiye da 13,000. Rahoton da ofishin binciken kuɗin Gwamnati ya bayar a 2005 ya nuna cewa a shekara goma na farko kaɗai an kashe dala miliyan 190 wajen ɗaukar madadinsu da horar da su. Cikin waɗanda aka kora akwai fiye da 300 da suka koyi harsunan waje, 54 daga cikinsu Larabci, alhali kuwa rundunar tana yaƙi a Iraƙi tana neman tafintoci ruwa a jallo.

Hasarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta amana. Aikin soja a kan gaskiya da biyayya aka gina shi, amma sai ga doka ta mai da ɓoye gaskiya sharaɗin zama a bakin aiki. Ta kuma ba 'yan tsegumi da masu ƙullin gaba makami, domin raɗa ɗaya tana iya jawo binciken da zai raba mutum da aikinsa. Wannan ne ya sa shugaban hafsoshin ƙasar, Admiral Mike Mullen, ya shaida wa Majalisar Dattijai a Fabrairu 2010 cewa yana damuwa da tsarin da ke tilasta wa matasa yin ƙarya don su kare ƙasarsu.

Masu goyon bayan hanin ba su rasa hujja ba. Sun ce soja a bariki ɗaya suke kwana, a rami ɗaya suke fakewa, don haka duk abin da zai raba kansu haɗari ne. Ma'aikatar Tsaro ta auna wannan tsoro a 2010, inda kimanin kashi 70 cikin 100 na sojan da suka amsa suka ce soke dokar ba zai kawo wata babbar illa ba, ko da yake mayaƙan rundunar Marin sun fi nuna ƙyama. Akwai kuma misalin Ingila, wadda ta ɗage nata hanin a Janairu 2000 bayan hukuncin Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam, rundunarta kuma ba ta wargaje ba. Shugaba Barak Obama ya sa hannu a dokar sokewa ran 22 ga Disamba, 2010.

Lalle kowace ƙasa tana da addininta da al'adunta, kuma ita ce za ta yanke wa kanta hukunci a kan irin wannan al'amari. Abin lura a nan shi ne, shugabannin da suka guje wa magana mai wuya suka fake da rufa-rufa, ƙananan ma'aikata suka bar wa nauyin. Har a 2024 Ma'aikatar Tsaron Amurka tana gyara takardun sallamar mutum fiye da 800. Wajibi ne doka ta fito fili, a san abin da ta hana da abin da ta yarda, sa'an nan a auna ma'aikaci da aikinsa da ɗa'arsa, ba da raɗar maƙwabcinsa ba.