Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya (SUBEB) Ta Jihar Kano



A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, yaron da ba ya ji sosai yakan maƙale a bayan aji har a laƙaba masa daƙiƙi. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki tana birni, ta yi wa iyayensa nisa.

Mataimakin malami yake buƙata, wanda zai zauna gefensa, ya kama yatsansa su zana baƙi a ƙasa, in ya kuskure ya ce, "Sake gwadawa, ka kusa." Binciken Mueller da Dweck na 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa ƙoƙari sun fi jure aiki mai wuya.

A 2024 Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Don haka a ɗauki mataimakan daga ƙauyukan nan, a horar da su, a biya su albashi.